Tsakanin borrow da lend, rent da hire: wa ya ba wa, kuma me za a mayar?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan gyaran babura a Garwa ta Kamaru ya aiko da tambaya. Karatunsa na Faransanci ne har zuwa Probatoire, jarrabawar shekarar kusa da ta ƙarshe a sakandare, Ingilishi kuwa ɗan abin da aka koyar a aji ne da wanda ya tsinta a kasuwa. Yanzu yana saro kaya daga Yola da Mubi, takardu suna zuwa masa da Ingilishi. Ya ce: "Na rubuta wa wani dila *please borrow me 200,000*, sai ƙanena da ke jami'a ya ce kuskure ne, alhali haka nake ji ana faɗa. Mene ne bambancin *borrow*, *lend* da *loan*? Su kuma *rent* da *hire*, ba duk haya ba ne?"

Ƙanenka ya yi gaskiya, ɗan'uwa, kai ma kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Ana faɗin *borrow me* a kasuwannin Najeriya, ana faɗinsa a Bamenda da Kumba, kuma duk wanda ka faɗa wa a can zai gane abin da kake so. Amma a jarrabawa jan biro zai sha. A takardar yarjejeniya kuwa abin ya wuce asarar maki, domin a can wannan kalma ce take nuna wanda ake bi da wanda yake bin bashin.

Tushen ruɗanin shi ne Hausa da Ingilishi ba wuri ɗaya suka ja iyakarsu ba. Bahaushe idan zai karɓi abin wani na ɗan lokaci, abin da harshensa ke fara dubawa shi ne me za a mayar. In abin da aka karɓa shi ne da kansa zai koma, kamar tsani ko tabarma ko babur, aro ne. In za a cinye shi ko a kashe shi, daga baya a kawo madadinsa, kamar kuɗi ko kwanon gero, rance ne. In za a biya ladan amfani da shi, haya ce. Mai bayarwa da mai karɓa kuwa kalma ɗaya suke rabawa, ƙarshenta kawai ke sauyawa: na ari tsani, na aro tsani, na ara masa tsani, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san wannan rabon, domin can ma ariya babinta daban, ƙardi babinsa daban, ijara ma haka.

Ingilishin yau da kullum bai damu da wannan ba. Tsani da kuɗi da gero duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da ya sa wa ido shi ne inda abin ya nufa. In yana zuwa hannunka, *borrow*. In yana fita daga hannunka, *lend*. Saboda haka na ari tsani da na ranci kuɗi duk *I borrowed* ne, na ara masa da na ranta masa duk *I lent him* ne. Lokacin da ka rubuta *borrow me*, ranta mini ce ka ɗauko kai tsaye ka sa mata rigar Ingilishi, ka riƙe kalma ɗaya ka jingina mata "mini" kamar yadda Hausa ta ba ka dama. Ingilishi bai ba da wannan damar ba, dole kalmar ta sauya gaba ɗaya.

Da yake ka yi Faransanci, makullin yana aljihunka tun tuni. *Emprunter* shi ne *borrow*, *prêter* shi ne *lend*. Duk inda za ka ce *prête-moi*, to *lend me* ne. Sai dai akwai tarko guda a nan wanda yake kama ɗaliban makarantun Faransanci sosai. A Faransanci ana cewa *emprunter à quelqu'un*, kuma an koya muku cewa *à* shi ne *to*. Sai yaro ya rubuta *I borrowed money to Musa*, yana nufin ya ranto daga Musa. Mai karatu kuma zai ɗauka Musa aka ranta wa, wato an juya bashin ke nan. Abokin tafiyar *borrow* kullum *from* ne, abokin tafiyar *lend* kuma *to*.

Ginin jimlar yana da sauƙi in ka riƙe wannan. *Lend* yana iya ɗaukar mutum da kaya a jere: *lend me your ladder*. Yana iya kuma sa kaya gaba, mutum baya: *lend your ladder to me*. *Borrow* kaya kaɗai yake ɗauka, mutumin sai ya biyo bayan *from*: *I borrowed a ladder from him*. Don haka saƙon da ka aika wa dilan yana da gyara iri biyu, duk daidai: *Please lend me 200,000 francs*, ko *May I borrow 200,000 francs from you?* A shuɗaɗɗen lokaci *borrowed* ne, amma *lend* yakan koma *lent*, kamar yadda *send* ke komawa *sent*. Babu *lended*.

Wani ƙaramin abu da ba a cika koyarwa ba: *borrow* yana ɗauke da ma'anar ka tafi da abin. Abin da ba ya motsi, ko wanda za ka yi amfani da shi nan take a gaban mai shi, *use* ake cewa. Ba a aron ban-ɗaki ko famfon wani da Ingilishi, sai dai *may I use*.

*Loan* kuwa suna ne, sunan abin da aka bayar ko aka karɓa, *un prêt* ko *un emprunt*. Shi ba ya nuna hanya, aikatau ɗin da ke tare da shi ne ke nunawa. Mai nema yana *apply for a loan*, in ya samu ya *take out a loan*, banki kuma yana *grant a loan*, daga ƙarshe a *repay the loan*. A Amurka ana mayar da shi aikatau, a ce *he loaned me money*, kuma a can ba laifi ba ne. Amma ko a can ma'anarsa *lend* ce, ba ta taɓa zama *borrow*. A jarrabawa irin tamu, wadda ta fi bin tsarin Ingila, ka tsaya a kan *lend*. Masu bin ƙwallo sun san *on loan*: in Coton Sport ta ba wata ƙungiya ɗan wasa na kaka guda, yana can *on loan*, abin da gidajen rediyo ke kira zaman aro. Ka ga a nan *loan* ya zama aro, a banki kuma rance.

Tarihin kalmomin yana taimakawa wajen riƙe su. *Lend* da *loan* 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa suka yi kama a baki kuma suke fuskantar hanya ɗaya. *Lend* daga tsohon Ingilishi yake, *loan* kuma ya shigo daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, amma asalinsu guda. *Borrow* daga wata tsohuwar kalma yake mai ma'anar jingina ko lamuni, wato wanda ya karɓi abu bisa alkawarin mayarwa. Kuma kada ka ɗauka haɗa bayarwa da karɓa a kalma ɗaya wani rauni ne na Hausa. Waɗanda suka zaɓi Jamusanci a sakandare sun san *leihen* da *borgen*, kowannensu yana iya zama bayar da aro ko karɓar aro, ginin jimla ne ke bambancewa, daidai da yadda muke yi.

Yanzu ga inda na fi so ka natsu, duk da ba ka tambaya ba, domin nan ne kuɗi suka fi salwanta: kalmar *owe*. Da Hausa, mai kuɗi ne a gaban jimla. Ina bin Musa bashi, wato kuɗina suna hannunsa. Da Ingilishi wanda ake bi ne a gaba. *Musa owes me* shi ne ina bin Musa. *I owe Musa* shi ne Musa yana bina. Wanda ya haddace cewa *owe* na nufin bin bashi, ya zo ya fassara kalma bayan kalma, zai rubuta *I owe Musa 80,000* yana nufin shi ke bi, ya sa hannu, alhali abin da ya rubuta amincewa ce cewa shi ake bi. Hanyar kuɓuta ita ce ka ɗaura *owe* a kan *devoir*, kada ka ɗaura shi a kan bin bashi. *Je dois* shi ne *I owe*, *il me doit* shi ne *he owes me*. Ba a kuma sa masa *ing* a daidaitaccen Ingilishi, duk da za ka ji *he is owing me* a bakin abokan cinikinka na Yola. Ka kula da *own* ma, harafi ɗaya ya raba su. *Own* mallaka ce, *owe* bashi ne. A da can kalma ɗaya ce, daga baya suka rabu, shi ya sa suke kama har yau.

Bashin da kansa *debt* ne, ba a furta harafin b da ke ciki. Daga Faransanci kalmar ta zo, *dette*, masana na baya suka cusa mata b don ta yi kama da asalinta na Latin. Wanda ake bi *debtor*, mai bi *creditor*. Bambancin *debt* da *loan* kamar na bashi da rance ne: duk rance yana zama bashi, amma ba duk bashi ne ya fara da rance ba. In dila ya ba ka taya 20 ka biya bayan wata guda, bai ranta maka komai ba, kaya ya ba ka bashi. Wannan *on credit* ne: *he supplied the tyres on credit*. In abin da kake nema a wurin dilanka ke nan, to *lend* da *borrow* duk ba su ne kalmarka ba.

A wajen mayarwa ne Ingilishi yake dawowa kusa da Hausa. Abin aro ana *return* ɗinsa ko *give back*, wato *rendre*. Rance ana *repay* ko *pay back*. Sai ga *rembourser* na Faransanci, wanda shi kaɗai yake aikin kalmomi uku. In ka biya wanda ya ranta maka, *repay*. In mai shago ya mayar wa mai saye kuɗinsa saboda kaya sun zo da aibi, *refund*. In yaronka ya kashe nasa a kan aikinka, kuɗin mota zuwa Marwa misali, ka mayar masa, *reimburse*. Idan ka rubuta wa dila *I want you to repay me* a kan batirin da ya zo a mace, zai yi mamakin yaushe ya ci bashinka. *I want a refund* ita ce maganar.

Mu koma kan haya. Ita kanta kalmar haya daga *hire* muka aro ta, sai ta yi faɗi a bakinmu fiye da yadda take a gidansu. Muna da gidan haya, motar haya, ɗan haya, har da sojan haya. Wannan ne ke sa Bahaushe ya ce *I hired a house*, abin da Bature ba ya faɗa. A Ingilishin Ingila rabon yana bin tsawon lokaci da irin abin. *Hire* na ɗan gajeren lokaci ne, galibi biya ɗaya, kuma abin da ake ɗauka a tafi da shi: kujeru da rumfa na ɗaurin aure, lasifika, janareta, mota ta kwana biyu. *Rent* na zama ne mai tsawo da biya a kai a kai, wata-wata ko shekara-shekara: ɗaki, shago, gida, gona. A Amurka sun sauƙaƙa, kusan duk kaya *rent* ne, mota da kujera da gida, suka bar *hire* ga mutane. Ɗaukar mutum aiki kuwa *hire* ne a ko'ina, *hire a mechanic*, *hire a driver*. Ba a *rent* ɗin mutum. In ka rasa wanda za ka zaɓa, ka riƙe wannan: gini da fili *rent*, mutum *hire*, sauran kaya duk wanda ka faɗa za a gane.

*Rent* yana da hali irin na *louer*, yana kallon gaba da baya. *I rent a shop* yana iya fitowa daga bakin ɗan haya, yana iya fitowa daga bakin mai shago, ko da yake an fi ɗaukarsa na ɗan haya. Ƙananan kalmomi ne ke warwarewa: *rent from* na mai karɓa, *rent to* da *rent out* na mai bayarwa. Haka *hire out*. Ingila tana da wata kalma ta mai gida kaɗai, *let*, ita ce a allon da ake kafewa a jikin gini, *To Let*, inda Amurka ke rubuta *For Rent*, mu kuma a nan muke ganin *À louer*. Ɗan haya ba ya *let*, sai in ya ba wani hayar abin da shi ma haya yake yi, wannan kuma *sublet* ne, kuma yawancin yarjejeniyoyi suna hana shi sai da izinin mai gida.

*Lease* haya ce da aka rubuta, mai wa'adi sananne, sau da yawa na shekaru, da sharuɗɗa a kan gyara da ƙarin kuɗi da fita. Daga Faransanci ta samo asali, dangin *laisser* ce. A cikinta za ka ga *lessor* da *lessee*. Mai ƙarewa da *or* ko *er* shi ne mai bayarwa, mai ƙarewa da *ee* shi ne wanda aka ba, kamar *employer* da *employee*. A maganar yau da kullum *landlord* da *tenant* ake cewa. Shata ma, ta ɗaukar mota sukutum, daga *charter* take: in ka biya kuɗin kujera ɗaya *fare* ka biya, in ka ɗauki motar duka daga Garwa zuwa Ngaundare *you chartered it*.

A nan ne Faransancin da ya taimake ka ɗazu zai iya kai ka rami, don haka a kula. Ingilishi ya kwashi kalmomi masu yawa daga Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kuma cikin ɗaruruwan shekaru da yawansu sun sauya ma'ana, rubutun ya zauna yadda yake. *Location* a Faransanci haya ce, a Ingilishi wuri ne, inda abu yake. Wanda ya rubuta *car location* a allon shagonsa don baƙi masu Ingilishi, ya ce musu ga inda mota take ne kawai, abin da yake nufi *car hire* ne ko *car rental*. Kuɗin haya *loyer* ne da Faransanci, *rent* da Ingilishi, amma *rente* ta Faransanci wani abu ne daban, kuɗin shiga da mutum ke karɓa lokaci-lokaci daga dukiya ko fansho. *Bail* a Faransanci shi ne *lease*, a Ingilishi kuwa beli ne, na fito da wanda aka tsare. *Caution*, kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa kafin ka tare, a Ingilishi *deposit* ne, domin *caution* a can hattara ce ko gargaɗi. Za ka ga *caution fee* a takardun haya na Najeriya, wannan amfaninsu ne na gida, amma ga wanda ke Landan ko Dubai ka ce *deposit*.

*Deposit* ɗin ma hannu biyu gare shi. Akwai wanda ake mayar maka in ka fita ba ka ɓata komai ba, *refundable deposit*. Akwai kuma kafin alƙalami, wanda ake cirewa daga farashi, shi ma ana ce masa *deposit* ko *down payment*, kuma sau da yawa in ka fasa ciniki ya tafi. Duk takardar da ta ce *deposit* ba ta faɗi ko wanne ba ne, ka tambaya, a rubuta amsar kafin ka ba da ko dala.

Akwai kalma ɗaya da ta shafi sana'arka kai tsaye, *hire purchase*, abin da Faransanci ke kira *location-vente*. Masu acaɓa da masu keke mai ƙafa uku a Najeriya sun san ta sarai, ƙasar ma tana da doka a kanta tun 1965. A ce babur kuɗinsa hannu da hannu sefa 600,000 ne. Aka ba direba a kan ya riƙa kawo 15,000 duk mako har mako 52, jimla 780,000. Kowane biya *instalment* ne. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kalmar *hire* da ke gaba: har ranar da aka biya na ƙarshe, babur ɗin na mai bayarwa ne, direba ɗan haya ne kawai, ba shi da ikon sayar da shi ko jinginar da shi. Wannan ya bambanta da *credit sale*, inda babur ya zama na mai saye tun ranar farko, sauran kuɗin kuma bashi ne a kansa. Biyan yana iya zama iri ɗaya a duka biyun, amma ranar da aka sami saɓani, irin yarjejeniyar da aka ƙulla a takardar ne zai nuna mai babur. Ga mai kiyaye hukuncin addini ma, bambancin haya da sayarwa ba ƙarami ba ne, ya kamata a kai takardar ga malami kafin a sa hannu.

Jingina tana da nata kalmomin. Ƙaramin abu da aka ajiye a hannun mai ba da rance, kamar zobe ko waya, an yi *pawn* ɗinsa. Duk abin da aka ɗora a matsayin madogara ga banki *collateral* ne ko *security*. Gida ko fili kuwa *mortgage*, ba a furta t, Faransancinsa na yau *hypothèque*, ko da yake ita kalmar daga tsohon Faransanci take, *mort* da *gage*. A nan ƙa'idar *or* da *ee* tana ruɗa mutane: *mortgagor* shi ne mai gidan da ya ci bashi, domin shi ya ba da jinginar, *mortgagee* kuma bankin. Mutumin da ya tsaya maka *guarantor* ne, kuma sa hannunsa na nufin in ka kasa shi za a bi. Wanda aka kira don ya shaida kawai *witness* ne. Mutane da yawa suna sa hannu a layin *guarantor* suna zaton na *witness* ne.

Sai *credit* da *debit* a saƙon banki. *Credited* kuɗi sun shigo, *debited* sun fita. Kada *credit* na nan ya tuna maka da bashi har ka tsorata. Asalin kalmar yarda ce, shi ya sa take ɗaukar bashin da aka ba ka don an yarda da kai, take kuma ɗaukar abin da aka rubuta a ɓangarenka na lissafi. Uwar kuɗi *principal* ce, kuɗin ruwa *interest*, riba ta ciniki kuma *profit*. A nan Hausa tana buƙatar kulawa, domin riba a bakinmu ta kasuwa ce, halal, amma a Larabci wannan lafazin kuɗin ruwa yake nufi. In kana neman rancen da babu ruwa a ciki, *interest-free loan* za ka ce. *Non-profit* magana ce ta ƙungiyoyin agaji, ba ta shiga nan. Ka kuma duba abin da ya biyo bayan adadin: *10% per annum* a kan 500,000 shi ne 50,000 a shekara, amma *2% per month* ya kai kashi 24 cikin 100 a shekara, wato 120,000, ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Lambar da ta fi ƙanƙanta a ido ita ce ta fi tsada.

Idan takarda ta zo hannunka, ga yadda za ka bi ta. Ka fara nemo sunanka, ka ga kalmar da aka liƙa masa: *borrower* ne ko *lender*, *tenant* ko *landlord*, *hirer* ko *owner*, *guarantor* ko *witness*. Daga nan ka nemo aikatau ɗin, ka duba ko *from* ne ya bi shi ko *to*. Sai ka tambayi kanka tambayar Bahaushe, wadda Ingilishi bai tilasta wa marubuci ya amsa ba: me za a mayar, abin da kansa ko madadinsa? In buhun masara 10 aka ba ka *as a loan*, a rubuta ko masara za ka mayar ko kuɗi, in kuɗi ne a farashin wace rana, domin farashin kaka da na bazara ba ɗaya ba ne. In injin walda ne, a rubuta lambarsa da halin da yake ciki. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda yankunanmu masu Faransanci suka gada, ta raba waɗannan biyu da sunansu, *prêt à usage* da *prêt de consommation*, wato aro da rance. Kalmar *loan* ita kaɗai ba ta raba su, sai an ƙara bayani.

In kai ne mai rubutawa, gajeriyar jimla ta wadatar, kuma rubuta bashi umarni ne da ya zo a aya ta 282 cikin Baƙara. Mai karɓa ya rubuta: *I have borrowed 200,000 CFA francs from*, sai sunan mai kuɗi, *and I will repay it on or before 30 June*, a ƙara shekara. Ko mai bayarwa ya rubuta *I have lent*, adadi, *to*, sunan mai karɓa. A faɗi irin kuɗin, sefa ko naira, tunda cinikinka ya ratsa iyaka, a kuma ce sefar Afirka ta Tsakiya ce, mai alamar XAF a takardun banki, don ta Nijar da Benin XOF ce. Wajen lambobi, Ingilishi waƙafi yake sawa tsakanin dubbai, 200,000, ɗigo kuma na ɓangaren ƙasa da ɗaya ne. Faransanci akasin haka yake yi, waƙafi ne na ƙasa da ɗaya, dubbai kuma a bar fili ko a sa ɗigo. Wanda ya saba da 200.000 ya rubuta wa mai Ingilishi haka, ana iya karanta shi 200 kacal. Shi ya sa ake maimaita adadin da kalmomi a gefen lambar, *two hundred thousand*. Watan ma a rubuta sunansa, domin 06/07 a Ingila da Faransa 6 ga Yuli ne, a Amurka kuwa 7 ga Yuni.